Ƙarfen da Ke Bayan Kaka: Yadda Ake Gane Tankar Yaƙi a Tsohon Hoto

A garuruwan da ruwan Tiga ke ratsawa, daga Kura zuwa Bunkure, Kadawa da Garun Malam, ba a rasa gidan da aka taɓa yin soja, kuma a irin waɗannan gidaje ba a rasa wani hoto da ake ji da shi. Baƙi da fari ne, gara ko danshi ya ci gefensa, wani yana cikin firam a bangon turakar maigida, wani a ƙasan adaka tare da takardar gona. Saurayi ne cikin kaki ya ƙame, a bayansa ga wani ƙaton ƙarfe mai bakin bindiga. Idan ka tambaya, amsar kusan ɗaya ce ko'ina: Kaka ne a yaƙin Boma, ga tankarsu nan.

Kakan ne, babu ja. Sauran maganar ce ke buƙatar a zauna. Samarin ƙasar Kano sun sa kaki a yaƙe-yaƙe da dama: yaƙin Hitila a Somaliya, Habasha da Boma, wadda yau ake kira Myanmar, aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, sai Laberiya da Saliyo a shekarun 1990. Da mai hoton ya kwanta dama, jikoki sukan dunƙule waɗannan duka su zama yaƙi guda, kuma sunan Boma ne ke rinjaye domin shi ya fi amo a kunne. Ƙarfen da ke cikin hoton kuwa ba ya ruɗewa. Kowace mota tana da shekarar da aka fara ƙera ta da ƙasashen da aka kai ta, saboda haka wanda ya gane ta ya kama bakin zaren lokaci da wurin da aka ɗauki hoton.

Mutanen wannan yanki sun fi da yawa daga cikin 'yan birni idon wannan aiki, ko da ba su sani ba. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma shiga haƙa magudanan da suka mai da karkarar Kura gidan shinkafa, alkama da tumatir, katafila ta zama abar gani yau da kullum. Yaro ya tashi yana kallon injin haƙa yana yashe kachala daga babbar magudana, ga injinan girbin shinkafa masu tafiya kan sarƙar roba a cikin laka. Bakanike a Kura yakan hango injin daga nesa ya faɗi irinsa tun kafin ya karanta sunan da ke jikinsa, domin ya saba duban ƙasan injin, wato sarƙa da ƙafafun da take gudana a kansu. Daga nan masu nazarin hotunan yaƙi su ma suke farawa. Dangantakar ma ta wuce kama: taraktocin kamfanin Holt na Amurka, masu tafiya kan sarƙa, suna cikin abin da ya ba Turawa dabarar tankar farko, wadda Ingila ta fara jefawa fagen fama a Faransa ranar 15 ga Satumba, 1916. Kamfanin Holt ɗin ne ya haɗe da na Best a 1925 aka sami Caterpillar.

Taya ko sarƙa

Tambayar farko ita ce mafi sauƙi, kuma ita ce ke rusa labarai da yawa. Abin da ke cikin hoton, a kan taya yake tsaye ko a kan sarƙa? Idan taya ce, motar sulke ce, kome girman bindigarta. Idan sarƙa ce, sai a dubi sama: akwai ɗakin bindiga mai juyawa, wanda za mu kira kai, ko kuwa saman a buɗe yake?

Hotunan yaƙin basasa su ne suka fi yawa a hannun jama'a, kuma a nan aka fi kiran motar sulke tanka. Sojan tarayya bai yi wannan yaƙi da tanka irin ta sarƙa da babbar bindiga ba. Abin da yake da shi motoci ne ƙirar Ingila na rundunar sintiri da ake kira Reki, wadda Hassan Usman Katsina ya shugabanci reshenta na Kaduna kafin juyin mulkin Janairun 1966, kuma a cikinta Ibrahim Babangida ya fara aiki yana ƙaramin hafsa. Uku daga cikinsu ake yawan gani.

Ferret ita ce ƙarama. Tayoyi huɗu gare ta, jikinta a kwance yake ƙasa-ƙasa, sau da yawa da tayar safaya manne a gefe, kanta ɗan ƙarami mai ɗauke da bindiga mai sarrafa kanta kawai. Mutum biyu ke shiga. Idan soja ya tsaya kusa da ita za ka ga bai fi ya leƙa samanta ba. Kamfanin Daimler ya fara fito da ita a 1952, saboda haka duk wanda ya jingina da Ferret ba a Boma yake ba, domin an gama wancan yaƙi a 1945. Ko dai Kwango ne, ko bariki a gida, ko yaƙin basasa.

Saladin ita ce wadda tsofaffin sojojin basasa suka fi kira da suna, kuma ita ce ta fi yaudarar ido. Tana da kai babba mai juyawa da bindiga mai faɗin baki milimita 76, wadda in ka rufe ƙasan hoton da tafin hannu za ka rantse tanka ce. Ɗaga hannun sai ka ga tayoyi shida, uku a kowane gefe, tazararsu daidai wa daida. 'Yar'uwarta Saracen ita ma tayoyi shida gare ta, kamfani ɗaya ne, Alvis na birnin Coventry, amma jikinta dogo ne a tsaye kamar akwati, injinta a gaba, ƙofofi a baya, aikinta ɗaukar sojoji, kanta kuma ƙarami ne ƙwarai. Saladin ba ta shiga aiki ba sai ƙarshen shekarun 1950.

A ɓangaren Biyafara kuwa, inda takunkumi ya hana shigo da kaya, sai aka koma ga maƙera da 'yan walda. An ɗauki tsofaffin motocin sarƙa na zamanin yaƙin duniya da injinan aiki aka lulluɓe su da farantan ƙarfe, aka kira su Red Devils. Wasunsu suna nan a gidan adana kayan yaƙi na ƙasa da ke Umuahia. Sojan tarayya da ya ci karo da irin wannan a gefen hanya yakan so a ɗauke shi hoto a kanta, don haka tana iya fitowa a adakar wani gida a Bunkure. Alamarta ba ta ɓuya: farantai a miƙe ba lanƙwasa, layin walda a fili, ƴan tagogi da aka yanka da wuta, kuma da wuya ka sami biyu da suka yi kama sak.

Boma: inda tanka ta yi ƙaranci

Sai babban batun. Runduna biyu ta Yammacin Afirka aka kai Boma, ta 81 da ta 82, dukansu an kafa su a 1943, kuma 'yan Arewacin Najeriya suna da yawa a ciki, har Hausa ce harshen da aka fi magana da shi a bataliyoyin Najeriya. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Daji ne mai duhu da tsaunuka, babu hanyar mota sai wadda sojojin suka sare da hannunsu don ƙaramar jif, abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo su, sauran ɗawainiyar kuma a ka ake yin ta. Akwai rukunoni guda na sojoji da aikinsu ke nan, dakon kaya. Birged ɗin Najeriya da aka ware ya bi dakarun Chindit zuwa bayan layin Japanawa shi ma haka, da ƙafa da alfadarai. A irin wannan wuri babu inda tanka za ta bi.

Wannan ya sa hoton ɗan Najeriya da tanka a Boma abu ne mai wuyar samu, kuma a ganina rashin tankar a hoto ya fi kasancewarta faɗin gaskiyar abin da mutanen nan suka sha. Inda aka haɗu da tanka shi ne gaɓar tekun Arakan, musamman a 1945, lokacin da runduna ta 82 ta gangara kudu bayan kama Myohaung a watan Janairu, da kuma sansanonin horo a Indiya. Ko a can ma Turawan Ingila da Indiyawa ne ke tuƙa su. Namu sojojin ƙasa ne masu tafiya a gefe. Kaka zai iya tsayawa kusa da tanka a ɗauke shi hoto, amma cewa tasa ce, wannan ƙarin jikoki ne.

Idan dai hoton na can ne, tankokin da za a iya gani ba su da yawa. Wadda ta fi saukin ganewa ita ce M3 ƙirar Amurka, da ake kira Lee ko Grant. Doguwa ce, ta kai mita uku a tsaye, jikinta cike da kawunan ƙusoshin ƙarfe a jere, kuma bindiga biyu gare ta. Babbar, mai milimita 75, ba a kai take ba, a ƙirjin tankar take ta gefen dama, ba ta iya juyawa sai kaɗan. Ƙaramar, mai milimita 37, ita ce a kan da ke sama. A Turai da Arewacin Afirka an daina yayinta tun 1943, amma a Boma ta ci gaba da aiki har ƙarshe, domin Japanawa ba su da manyan tankokin da za su kara da ita, ga shi tana da daɗin fasa ramukan da suke ɓuya. Ita ce ta taimaka wajen tsare sansanin da ake kira Admin Box a Arakan cikin Fabrairun 1944. Bambancin Lee da Grant a kai yake: na Grant ya fi faɗi, yana da ƙusumbi a baya inda Turawan Ingila suka sa rediyo, na Lee ƙarami ne.

Sherman ta gaji ƙasan M3, shi ya sa idan ƙafafu kawai ake gani a hoto ba a saurin raba su. Dukansu ƙafafu shida ne a kowane gefe, an haɗa su bibbiyu a maƙalai uku. Sai an ɗaga ido: Sherman bindiga babba guda gare ta, tana cikin kai mai juyawa, ƙirjinta a gangare, babu waɗancan ƙusoshi. Rundunar dawakin Indiya ta 19th Lancers ta yi aiki da ita a Arakan a 1945. Stuart kuwa ƙarama ce, ƙafafunta huɗu, sai wata babbar ƙafa a can baya da ke taɓa ƙasa, wadda ita ce shaidarta.

Akwai kuma wata da aka fi kowacce kiranta tanka bisa kuskure, ita ce Universal Carrier, da sojoji ke kira Bren kariya. Tana kan sarƙa, gaskiya ne, amma ba ta da kai, samanta a buɗe yake, mutanen ciki ana ganin kafaɗunsu, ƙafafunta uku kacal a kowane gefe, tsayinta bai wuce kafaɗar dogon mutum ba. An ƙera ta da yawan gaske, kuma ita ce irin motar sarƙar da sojan Yammacin Afirka ya fi samun damar hawa da tuƙawa, musamman a rundunonin sintiri. Wanda ya ga kakansa zaune a cikin irin wannan, hannu a kan sitiyari, yana da hujjar cewa direba ne.

Tankar abokan gaba ita ma tana fitowa, galibi a ƙone ko a yashe. Ha-Go ta Japan ƙarama ce, nauyinta wajen tan bakwai, ƙafafu huɗu bibbiyu, da wani dogon bututu a kwance a gefe mai rufe sifirin. Kanta ba a tsakiya yake ba, ya karkata hagu, kuma akwai ƙaramar bindiga da ke leƙowa ta ƙeyarsa. Babbar yayarta Chi-Ha ƙafafu shida gare ta, wasu da zoben ƙarfe kewaye da kai, wanda eriyar rediyo ce.

Kafin Boma akwai Habasha

An fi manta wannan, alhali shi ne inda sojan Najeriya ya yi tafiyar da ta shiga littattafai. Birged na 23 na Najeriya ya shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu, 1941, ya nausa arewa ta Jijiga da mashigar Marda, ya kai Harar kafin Maris ya ƙare. Hoton wannan fage fili ne fetal, ƙaya da duwatsu, ba duhun daji ba. Motocin sulken da ke rakiya ƙirar Afirka ta Kudu ne, Marmon-Herrington, masu tayoyi huɗu da dogon hanci irin na babbar mota, domin a kan gindin motar Ford aka gina su. Abin da Italiyawa suka bari a hanya kuwa ya haɗa da L3, 'yar mitsitsiyar mota kan sarƙa mai ɗaukar mutum biyu, ba kai, bindigoginta a gaba ta gefe guda, da M11/39, wadda kamar Lee babbar bindigarta a ƙirji take, amma ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Sunaye daga yaƙin Habasha da na Boma suna nan a jikin barikokinmu: Marda da Myohaung a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja. Bukavu ta Kano kuma daga Kwango ta samo nata. Wani lokaci abin da aka rubuta a bayan hoto sunan bariki ne, mai karatu ya ɗauka filin daga ne.

Tankoki na gaske sun zo Najeriya ne bayan basasa. Scorpion, ƙaramar tankar Ingila mai jikin alminiyam da ƙafafu biyar, ba ta shiga aiki ko a Ingila ba sai 1973, kuma ita ake yawan gani a hotunan dakarun ECOMOG na Laberiya, bayan sun sauka Monrobiya a Agustan 1990. T-55 ta Rasha kanta a mulmule yake, ƙafafunta manya biyar, kuma tana da wushirya: tazara mai faɗi tsakanin ƙafa ta farko da ta biyu, wadda da ita ake raba ta da T-62, mai tazara a can baya. Vickers Mk 3, wadda Najeriya ta yi oda daga Ingila a 1981, ƙafafu shida gare ta da doguwar bindiga mai milimita 105. T-72 sai a yaƙin Boko Haram ta iso, wajen 2014 da 2015, VT-4 ta Sin kuma a 2020. Hoton da ke da ɗaya daga cikin waɗannan na baba ne ko yaya, ko da kuwa baƙi da fari ne.

Tarkon da ke cikin hoto

Ƙidayar ƙafafu ba ta isa ita kaɗai. Masu wankin hoto na da sukan juya fim bisa kuskure, dama ta koma hagu. Tankar Lee da ke fuskantar mai kallo, babbar bindigarta ya kamata ta faɗo a hannun hagunsa. Idan ta fito a dama, an wanke hoton a juye, kuma rubutu ko lamba a jikin motar zai tabbatar. Sojoji kuma sukan ɗora wa tanka buhunan yashi, ragar waya, rassan itace da akwatuna har siffarta ta ɓace, sai dai ƙasan ya rage. Farin tauraro a jikin mota ba ya nufin ta Amurkawa ce, alamar ƙawance ce da motocin Ingila ma suka ɗauka a ƙarshen yaƙin. Lambar da ta fara da harafin T a motocin sojan Ingila ta tanka ce ko kariya, mai F kuma ta motar sulke.

Sabon tarkon shi ne waya. Duk lokacin da 15 ga Janairu ta zagayo, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, Facebook da WhatsApp sukan cika da tsofaffin hotuna masu taken da aka ga dama. Hoton sojojin Amurka baƙar fata a Turai ya zama na Hausawa a Boma, na wata ƙasar Afirka ya zama na Biyafara, yanzu kuma ga waɗanda kwamfuta ke ƙirƙira, masu tankar da ƙafafunta na dama ba su yi daidai da na hagu ba, ko sarƙar da ba ta zagaye komai ba. Wanda ya saba duban ƙasan katafila cikin minti guda zai ga cewa wannan injin ba zai iya motsawa ba. Mai son gwada hotonsa da na asali yana iya duba tarin gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum da ke Landan, wanda ya sa hotunan sojojin Yammacin Afirka a intanet tare da bayanin wuri da shekara. Littafin John Hamilton, War Bush, ya bi sawun runduna ta 81 dalla-dalla, a gida kuma akwai Arewa House da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Bayan an gama da ƙarfen sai a koma kan mutumin, domin kafaɗarsa tana iya warware abin da tanka ta bari. Tambarin runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, Ananse na tatsuniyoyin Ashanti, takwaran Gizonmu. Na runduna ta 82 māsu biyu ne a gicciye a kan gammo, girmamawa ga masu dakon da suka ɗauki yaƙin a kawunansu. Da gilashin ƙara girma, ko kyamarar waya mai kyau, ana iya hango su a hannun riga ko a gefen hula. Idan an yi sa'a lambobin yabo suna nan a adaka, ƙyallen da ke riƙe da su ma shaida ne: na tauraron Boma ja ne a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe, na tauraron Afirka launin yashi ne da jan layi a tsakiya. Littafin sallama kuma yana ɗauke da lambar soja da sunan bataliya.

Akwai gidajen da za a tarar da taurarin biyu tare, kuma ba kuskure ba ne. Birged ɗin da ya kama Mogadishu ya dawo gida, aka mayar masa da sunansa na Birged na Ɗaya na Yammacin Afirka, aka sa shi cikin runduna ta 82, ya tashi zuwa Indiya a 1944. Don haka mutum ɗaya yana iya kasancewa a hoto yana zaune a kan L3 ta Italiya a hanyar Harar a 1941, a wani hoton kuma yana tsaye gefen Sherman a gaɓar Arakan a 1945.